Tsohuwar Baba Gadina

Shekara talatin da ɗaya Baba Gadina ya yi yana aikin lambu a wani otal da ke bakin gari, kuma a duk shekarun nan abin da ya fi gwaninta a kai shi ne hana shuka ruwa. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka zolaya ce. Ƙasar tsandauri ce, ruwan sama sai ya ga dama, na famfo kuwa da mota ake kawo shi. Gadina uku aka yi kafin shi, kowanne ya shimfiɗa ciyawa ya dasa furanni masu laushi, rana ta ƙone su ƙurmus, aka sallame shi. Da aka ɗauki Baba Gadina, lokacin yana saurayi siriri mai manyan kunnuwa, bai nemi iri ba, bai nemi taki ba. Mota biyu ta tsakuwa ya ce a kawo masa, da ta yashi ɗaya, da duwatsu. Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shi gadina ya ɗauka ba magini ba, amma dai ya sa hannu a takardar.

Shukar da ya cika wurin da ita a hannun wani tsoho mai rainon furanni ya koyo ta. Agabe ake kiranta, shi kuwa mai ratsi yake ce mata. Ganyenta kauri gare shi, dogo, yana buɗewa daga tsakiya zuwa ko'ina, kowanne da ƙaya guda mai tsini a bakinsa da ƙanana jere a gefe. Tsakiyar ganyen kore ne, gefe da gefe kuma ratsin rawaya, sai ka ce tela ne ya bi shi da zare. Ba a haƙa mata rami. Tudu ake yi mata na yashi da tsakuwa, don ruwa ya wuce kada ya kwanta. In aka yanko ɗa daga gindin uwa, sai a bar shi a inuwa mako guda bakin yankan ya bushe kafin a dasa. Ruwa kuwa sau ɗaya a wata, shi ma in zafi ya yi zafi, kuma daga gefe ake zubawa, ba a taɓa zuba mata a ka. In ɗa ya fito kore zalla ba ratsi, a take Baba Gadina yake sa masa wuƙa, don irinsu sun fi ƙarfi, in aka yi sake sai su cinye wurin. Cikin shekara biyar baƙi suka fara tsayawa ɗaukar hoto a ƙofar otal ɗin, manaja kuma ya fara cewa dama shawararsa ce.

To, mutumin kirki ne, ba a raba shi da wannan, amma fa bakinsa ba daɗi. Ba ya bayani. In ya ce a yi, a yi, in ya ce a bari, a bari, wanda ya tambayi dalili ya sha harara. A gida ma haka yake. Matarsa ɗinki take yi a baranda, keken ɗinkinta na fuskantar bango saboda hasken rana, kuma ta haifa masa 'ya'ya uku. Biyu aiki ya kai su nesa, sai Auta da ta yi aure a cikin gari. Shekara arba'in da shida suna tare, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa barinta da yunwa ba, bai kuma taɓa zama ya ba ta labarin yadda ya wuni ba. Ita tun tana tambaya har ta daina.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya masa a rai duk tsawon rayuwarsa. Mai ratsi sau ɗaya tak take fure. Sai ta yi shekara ashirin ko fiye tana tara ƙarfi, rana ɗaya ta fito da wani sanda daga tsakiyarta, ya yi ta tsawo har ya wuce rufin gida, ya buɗe rassa cike da furanni rawaya, daga nan ta mutu. Baba Gadina ya dasa ɗaruruwa da hannunsa, amma bai taɓa ganin wannan furen da idonsa ba. A otal, da zarar ɗaya ta girma ta fara karce motocin baƙi sai a ce a tuge ta a sa ƙarama. Sau ɗaya tsohon da ya koya masa ya aiko cewa tasa ta yi, ya zo ya gani. Aka hana shi hutu saboda wani babban taro. Da ya samu zuwa bayan mako biyar, busasshen sanda ya tarar a tsaye, tsuntsaye na hutawa a kai. Ya daɗe yana kallonsa, ya hau mota ya dawo bai ce wa kowa komai ba. A makon ya zaɓi ɗa mafi kyawun ratsi ya kawo gida, ya yi masa tudu a tsakar gidansa, inda ba manajan da zai ce a tuge.

Ita ce Tsohuwa. Sunan tun tana ƙarama ya sa mata, ita kuma ta yi ta girma har ta cika shi.

A shekararta ta huɗu ƙayarta ta kama zanen wata mai kawo ɗinki ta yaga shi, matar ta tafi tana sababi. Matar Baba Gadina ta ɗauki almakashi ta bi bakin ganyen ɗaya bayan ɗaya ta datse ƙayoyin. Da ya dawo ya gani, kwana uku bai ci abincinta ba. A rana ta huɗu ya tsaya a kanta ya ce, "Ni ban taɓa sa hannu a kekenki ba. Ke ma kar ki ƙara taɓa ta." Ta ce, "To, Malam." Shi ke nan, aka raba gida: baranda tata, tsakar gida tasa. Kullum da safe tana ganinsa ta wutsiyar ido ya fita da bokiti, ya yi sa'a guda a tsugunne ya ba ta baya, ya dawo. Ba ta taɓa leƙa bokitin ba. Ba ruwa ba ne a ciki: wuƙa ce, da buroshin share ƙura daga ganye, da safar hannu.

Sai otal ya canja hannu. Sababbin masu shi suka haƙa rijiyar burtsatse, suka ce su kore shar suke so, irin na cikin hoto. Kwana biyu motar rusau ta yi ta kwashe aikin shekara talatin ta zuba a bola. Baba Gadina yana tsaye da hularsa a hannu har aka gama. Aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya koma gida. Daga ranar duk abin da ya rage na mai ratsi a hannunsa Tsohuwa ce, ita kuma furenta kaɗai yake jira a duniya. Da bakinsa bai faɗa ba, amma duk wanda ya ga yadda yake kallonta ya sani.

A shekararta ta ashirin da huɗu ya ga alama. Sababbin ganyen tsakiya suka fara fitowa sirara, gajeru, a cunkushe, na waje kuma suka fara kwanciya suna yamushewa, domin ta soma janye ƙarfinta zuwa ciki. Ya tsugunna ya duba, ya tashi ya zagaya, ya sake tsugunnawa. Ya hau baranda ya tsaya a bayan matarsa, keke na ta ƙara, ya ce, "Bana ne."

"Bana me, Malam?"

"Za ki gani."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kalma biyar da ya ƙara a wurin da sun wadatar, amma shi Baba Gadina magana tsada take masa kamar da kuɗi yake sayenta.

Akwai reshen bishiyar maƙwabta da ya ƙetaro katanga ya tsaya daidai saman Tsohuwa, inda sandan zai bi. Mutum mai shekara saba'in da uku, maimakon ya kira wani, sai ya jingina tsani ya hau da zarto. Reshen ya sauko, shi ma ya biyo shi. Ƙugunsa ya karye.

Mako shida ya yi a asibiti bayan tiyata, sannan aka mai da shi gidan Auta, don ya fi kusa da inda ake masa gashin ƙashi kuma ba matakala. Duka-duka wata huɗu ya yi bai taka gidansa ba. Matarsa kullum tana hanya, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Ba ta isowa sai rana ta ɗaga, kuma da la'asar ta yi sai ta fara haɗa kwanuka.

"Ke kullum a makare, kullum a gaggauce," in ji shi. "Ɗinkin ne ba ya jira?"

"Aiki ne, Malam."

"Tsohuwa fa?"

"Tana nan."

"Wani abu ya fito a tsakiyarta?"

"Ban ga komai ba tukuna."

"Kar kowa ya taɓa ta."

Sai ta sunkuyar da kai ta ce to. Ya lura ta rame, ya lura tana tafiya a karkace tana dafa baya. Ya ɗauka damuwar ciwonsa ce ta yi mata haka, kuma, Allah ya yafe masa, har daɗi ya ji a ransa. Yana kwance yana lissafi: in ta fito da sandan a wata mai zuwa, zai tarar da shi ya kai tsayin mutum, furen kuwa a gabansa zai buɗe. Da wannan lissafin ya daure wa mai gashin ƙashi, da shi ya koyi takawa da ƙarfen dogarawa. Likita ya ce bai taɓa ganin tsoho mai naci irinsa ba.

Ranar da aka dawo da shi da hantsi ne. Mijin Auta ya tsai da mota a ƙofar gida, aka fito da shi a hankali. Tun kafin a buɗe ƙofa hancinsa ya gaya masa. Wanda ya yi aikin lambu ba ya manta warin shukar da ta ruɓe.

An kewaye tudun da ƙasa, an yi masa gefe mai kyau kamar yadda ake wa dashen mangwaro don ruwa ya zauna. An zuba taki. An kafa sanduna huɗu an ɗaura buhu a sama don inuwa. Ƙasar jiƙe take sharkaf, ga jarkoki takwas jere a jikin katanga. Tsohuwa kuwa ta baje a ƙasa, ganyenta ya yi laushi, ratsin ya koma ruwan ƙasa.

Ya ture hannun mijin Auta, ya ja ƙarfensa, taki ɗaya, taki biyu, har ya isa. Ya miƙa hannu ya kama ganyen tsakiya ya ɗan ja. Ba da ƙarfi ba ma. Duk tsakiyar ta zaro ta biyo hannunsa, baƙin ruwa na ɗiga. A cikin naɗin ganyen ga kan sandan nan, kaurinsa ya kai taɓarya, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, ya yi baƙi ya narke. Ashe ta fara. Da an bar ta da ƙishinta mako uku kacal, da ya fito.

Ya juyo, bakinsa cike da maganar da in ya sake ta ba za ta ɗebu ba. Matarsa na tsaye a bayansa, ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu.

"Na san ka hana, Malam," ta ce. "Na sani. Amma kwana uku da tafiyarka na ga ganyenta na kwanciya, yana yamushewa. Na ce wannan ƙishi ne, mai ba ta ruwa ba ya nan. Na ce in ka dawo ka tarar ta mutu, kai ma binta za ka yi. Famfo kuma ya ɗauke tun lokacin, sai tankin bakin layi. Huɗu nake ɗebowa da safe kafin in taho wurinka, huɗu in na dawo. Ɗinkin ma na ajiye shi. A ka nake zuba mata don ya ratsa ta sosai." Ta dafa bayanta. "Sai dai akwai kwanakin da bayana ya riƙe, biyu kawai na iya. Har akwai ranar da ban ɗebo ba sam. Ban ba ta isasshe ba, ko?"

Tankin bakin layi ya san shi. Tafiyar minti goma ce ga mai lafiya hannu sake. Ya dubi jarkokin, ya dubi matar da ke gabansa, 'yar shekara sittin da biyar, wadda ya yi wata huɗu yana mata gorin makara. Shekara ashirin yana fita da bokiti a gabanta bai taɓa ce mata zo ki ga abin da ke ciki ba. In za a nemi wanda ya kashe Tsohuwa, ba sai an je da nisa ba, ga shi nan tsaye da ƙarfen dogarawa. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar da motar rusau ta shiga otal.

Ya saki ruɓaɓɓen ganyen ya faɗi. Ya goge hannu a rigarsa.

"Ba ruwa ba ne," ya ce. "Tsufa ne. Haka suke yi in lokaci ya yi."

"Da gaske, Malam?"

"Ni da ke wa ya san ta?"

Ita ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi mata, kuma ta fito masa sumul har ya yi mamakin kansa. Aka kai shi ɗaki ya kwanta ya juya fuska bango. Auta da ta shigo da ruwan sha ta ga kafaɗunsa na motsi, ta ajiye kofin ta fita a hankali.

Bayan kwana biyu mijin Auta ya kawo lebura biyu su kwashe gawar shukar, don warin ya fara damun maƙwabta. Baba Gadina na zaune a baranda kan kujerar roba, bai ko kalli wajen ba. Can sai ya ji matarsa ta ɗaga murya, abin da ba halinta ba. Ta taho da sauri da ɗingishinta, ta riƙo wani abu a tafin hannu biyu. Ɗa ne, guda ɗaya, ya fito ta can bayan tudun inda ruwan bai cika kaiwa ba. Ganye biyar, tsawon yatsa, ratsinsa fes. Ya karɓa ya juya shi, ya danna gindinsa da babban yatsa. Da ƙarfinsa, lafiya lau. A duk garin bai san inda wani irinsa ya rage ba.

Kafin ya buɗe baki ta karɓe. Ta samo robar fenti, ba ko huda a gindinta, ta cika da baƙar ƙasa da taki, ta dasa shi a take da ɗanyen yankansa, ta ajiye a bakin baranda daidai inda zai riƙa ganinsa. Fuskarta ta washe, rabon da ya gan ta haka har ya manta.

"Wannan kam ba zan yi sake da ita ba," ta ce. "Sai ka ga furenta, in Allah ya yarda."

Shekara ashirin da huɗu a kan saba'in da uku. Bai yi lissafin a fili ba.

Washegari da ta ɗauko kofi ya gwada. Ya ce, "Ƙarama ce, rage mata." Ta girgiza kai. "Na ji ka ce uwar tsufa ne, na kuma yarda. Amma raina bai daina gaya mini har da ragewar da na yi mata ba. Bar ni in yi wa wannan yadda ya kamata, ko na samu in yi barci."

Kwana uku yana juya abin. Ba ya iya sauka matakalar baranda shi kaɗai, balle ya ɗaga roba. In zai ceci ɗan nan, dole ya ce a huda robar, a sa yashi, a bar shi wata guda ba ɗigo, kuma matar da ta yi shekara arba'in tana auna mutane da ido ba za ta buƙaci a ƙarasa mata ba. Za ta dubi jarkokin nan takwas ta gane abin da ta yi wata huɗu tana ɗaukowa a bayanta. Ya san yadda abin zai tafi in ya yi shiru: mako biyu ganyen zai ƙara sheƙi har ta yi murna, a na huɗu gindin zai yi laushi, a na shida a zubar. Ya san kuma in ta tambaye shi dalili zai sake samo mata wata ƙaryar.

A rana ta huɗu da safe ta fito da kofinta cike, ta durƙusa da ƙyar tana dafa gwiwa, ta zuba a hankali a tsakiyar ganyen har ruwan ya taru ya kwanta a saman ƙasar. Ta ɗago ta dube shi.

"Ya isa haka, Malam, ko in ƙara?"

Ya daɗe yana kallon ɗan ratsin nan rawaya a cikin ruwa.

"Ya isa, Maman Auta," ya ce. "Kin iya. Zo ki zauna ki huta bayanki."